Maganin ciwon suga: wanda ake tsoro daban, wanda ke kayar da mutum daban

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi a wajen masu ciwon suga, tun daga kan Hajiyarmu da na fi shekara goma ina raka ta asibiti har zuwa dattawan da muke haɗa benci da su ranar ganin likita, wato yawancinsu ba ciwon ne ya fi damunsu ba, maganin ne. Kowa da nasa ƙorafin. Wannan ya ce farar ƙwayar nan mai girma, wato metfomin, tana sa shi zawo, wancan ya ce an gaya masa tana cinye ƙoda, wata kuma ta rantse ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta yarda a fara mata allura ba, wai duk wanda aka ɗora a kan allura to tasa ta kusa ƙarewa. Sai ka ga mutum ya ajiye maganin shiru abinsa likita bai sani ba, ya koma shan shuwaka da jiƙe-jiƙe, bayan wata shida a kawo shi ranga-ranga. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, maganin da ake ta gudu ba shi ne mai kayar da mutum nan take ba, mai kayarwar wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya ce da kowa ya raina, wato Daonil da danginta.

Shi ciwon suga nau'i na 2, wanda shi ne na kusan mutum 9 cikin 10 masu ciwon, jiki yana yin insulin ɗinsa, wato sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka, sai dai ko bai wadatar ba ko kuma jikin ya daina jin maganarsa, sai sugan ya tsaya yana yawo a jini maimakon ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. To kowane magani ta inda yake ɓullo wa wannan matsalar daban, kuma illar kowanne daga yadda yake aikin take fitowa. In mutum ya riƙe wannan, sauran bayanin ba wuya.

Metfomin shi ne na farko da ake ɗora kusan kowa a kai, shi ne Glucophage ɗin nan da ake faɗa. Tsohon magani ne, tun 1957 wani likitan Faransa mai suna Jean Sterne ya fara ba masu ciwon suga shi, Amurka ma sai 1995 ya shiga kasuwarsu. Babban aikinsa shi ne ya taka wa hanta birki, don hanta tana zuba suga cikin jini ko mutum bai ci komai ba, shi ya sa wani zai kwana da yunwa ya tashi ya ga mitar gwajin suga ta nuna 180 ya ce mitar ce ta lalace. Metfomin ba ya matsa wa jiki ya ƙaro insulin, don haka shi kaɗai da wuya ya sa suga ya faɗi ƙasa sosai, kuma ba ya sa ƙiba. Babbar matsalarsa ita ce ciki. Zawo, tashin zuciya, kumburi, gyatsa, wasu har su riƙa jin ɗanɗanon ƙarfe a baki kamar sun tsotsi kwabo. Kuma gaskiya ba ƙaramin takura ba ne, ka ɗauka ɗan kasuwa ne ko direba ko limami da ba ya son alwalarsa ta riƙa karyewa, ba za ka ga laifinsa ba in ya ji haushin ƙwayar.

Sai dai yawancin wannan wahalar daga yadda aka fara shan ne. Ka'idar ita ce a fara da 500mg sau ɗaya a rana, a tsakiyar cin abinci ko da an gama, a yi kamar sati ɗaya ko biyu kafin a ƙara, a haka a haka har a kai inda likita yake so. Amma sau nawa za ka ga an miƙa wa mutum 1000mg safe da yamma tun ranar farko, shi kuma ya kora da ruwa cikinsa wayam tun da asuba, to dole ya kwana a bayi. Ga yawancin mutane cikin yana sabawa bayan 'yan makonni. In ya ƙi sabawa akwai samfurin da ke narkewa a hankali, za ka ga an rubuta XR ko SR a jikin kwalin, ya ɗan fi tsada amma ya fi sauƙi a ciki, shi kuma ba a raba shi ba a tauna shi. Hajiya da aka mayar da ita kan wannan ko sati ba a yi ba ta daina mita.

Maganar cin ƙoda kuwa, an juya zancen ne. Metfomin ta ƙoda yake fita daga jiki, to idan ƙodar ta riga ta yi rauni sai ya taru, taruwar ce ke iya jawo wata matsala mai haɗari ta tsamin jini, duk da ba kasafai take faruwa ba. Shi ya sa likita ke duba gwajin ƙoda, akwai wani maki da ake kira eGFR, in ya sauka ƙasa da 45 a rage maganin, in ya yi ƙasa da 30 a tsayar. Dangi sai su ga an ce ƙoda ta taɓu kuma an cire metfomin, shikenan sai labari ya bazu cewa shi ya kashe ƙodar. Alhali abin da ke cin ƙoda shi ne sugan da aka bari yana hawa shekara da shekaru tare da hawan jini, sai kuma su diclofenac da ibuprofen da ake sha kamar gyaɗa saboda ciwon gwiwa da ciwon baya. Inda ya kamata a yi hattara shi ne ranar da mutum ke amai da gudawa ko zazzaɓi ya hana shi ci da sha, a irin wannan ranar jiki ya bushe ƙoda tana wahala, ana dakatar da metfomin na ɗan lokaci a nemi likita, haka ma in za a yi hoton da ake sa wa mutum ruwan launi ta jijiya a gaya musu yana sha. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, shan sa na shekaru yana iya rage bitamin B12, alamar kuwa kasala da jin ƙafa tana dindiris ko tana tsira kamar ana soka allura, wanda ya yi kama sak da lalacewar jijiya ta ciwon sugan kansa, don haka wanda ya yi shekara huɗu biyar yana sha ya nemi a duba masa.

Yanzu ga wadda nake magana. Daonil, da 'yan uwanta Diamicron da Amaryl. Su waɗannan matsa wa gaɓar cikin da ke yin insulin, wato pancreas, suke yi ta fitar da shi, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba babu ruwansu. Suna da arha, suna aiki da sauri, shi ya sa suka cika kemis, har akwai wanda ake haɗa Daonil ɗin da metfomin a ƙwaya ɗaya mutum bai ma san biyu yake sha ba.

Wani kawunmu mai shekara saba'in da ɗoriya, mai sayar da hatsi, ya sha Daonil ɗinsa da safe ya ce in ya isa kasuwa zai sha koko, yana isa motar kaya ta iso aka hau awo da lissafi ya manta. Wajen sha ɗaya yaron shagonsa ya ga gumi yana tsatsafo masa alhali sanyi ake yi, hannunsa na rawa har mudu ya suɓuce, aka yi masa magana ya hau faɗa, mutumin da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi, can sai maganar ta fara harɗewa yana kallon mutane kamar bai san su ba. Nan fa kowa ya kawo tasa, wani ya ce hawan jini ne a kwantar da shi, wani ya ce iska ce a kira malam, wani ma cewa ya yi sugansa ne ya hau a ba shi ƙarin ƙwaya, wallahi da an bi ta wannan da sai dai wani ba shi ba. Allah ya kawo wata mai sayar da awara da mijinta ke da ciwon, ta ce ku ba shi lemo, aka ɓalle kwalbar Fanta aka riƙa ba shi yana kurɓa, cikin minti goma ya dawo hayyacinsa yana tambayar me ya tara mutane a shagonsa.

Wannan shi ne faɗuwar suga, kuma ya fi hawan suga saurin yin ɓarna, don ƙwaƙwalwa da suga take aiki kuma ba ta da ajiya. Duk lokacin da mita ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 in mitarka mai ƙananan lambobi ce, to suga ya faɗi. Alamominsa gumi, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, saurin fushi, ruɗewa. Abin yi kuma ba wahala, a ba shi suga mai saurin shiga kimanin giram 15, wato ƙwayar sugan shayi uku ko huɗu, ko cokalin cin abinci ɗaya na suga ko zuma, ko kusan rabin ƙaramar kwalbar lemo amma ba irin wanda aka rubuta babu suga ba, a jira minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi da abinci na gaske. In babu mita kuma ana kokwanto, a ba da sugan, ɗan hawan da zai yi bai kai haɗarin barin sa a ƙasa ba. Amma in mutum ya suma kada a ɗura masa komai a baki zai shaƙe, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti a sa masa ruwan suga ta jijiya. Kuma ita Daonil tana daɗewa a jiki, mutum zai farfaɗo a yi murna, da daddare sugan ya sake faɗuwa yana barci, don haka wanda ya faɗi sosai a kanta ko ya miƙe ya kamata ya ga likita a ranar. Dalilin ke nan da ake guje mata ga wanda ya haura shekara 60 ko mai raunin ƙoda, an fi son Diamicron a madadinta. Ni dai a ganina duk mai tsoho a gida da ke shan Daonil ya tambayi likita ko akwai dalilin da ya sa har yanzu ita ce.

Akwai kuma abubuwan da ke ƙara mata kaifi mutum bai sani ba. Septrin da sifuro da ake saya a kemis ba takarda suna iya sa suga ya faɗi in sun haɗu da ita, kwinin na zazzaɓin cizon sauro ma haka, shi kansa zazzaɓin in ya yi tsanani yana sauke suga. A ɗaya ɓangaren su dekza da firednisolon, da haɗe-haɗen ƙiba irin na sha ka fashe da wasu mata ke sha, su kuma cilla suga sama suke yi. Maganin gargajiya fa? Garahuni da hulba da su zogale ba na ce ba sa taɓa suga ba, wasu suna ɗan taɓawa, matsalar ita ce babu awo, jiƙon yau ba ƙarfinsa ɗaya da na gobe ba, sai mutum ya haɗa da Daonil su taru su yi masa yawa, ko kuma ya ajiye na asibitin gaba ɗaya. Duk mai ce maka yana warkar da suga kwata-kwata cikin sati biyu, aljihunka yake so ya warkar.

Lambobin da ake nema ga yawancin manya su ne 80 zuwa 130 da safe kafin a ci komai, sannan ƙasa da 180 awa biyu bayan fara cin abinci. In mitarka ta mmol ce, wato mai ƙananan lambobin nan, ka ninka da 18 ka samu ɗaya lissafin, wato 7 ta zama 126, 10 ta zama 180. Na taɓa ganin wanda hankalinsa ya tashi don sabuwar mitar da aka aiko masa ta nuna 8 alhali ya saba ganin 140, ya ɗauka mutuwa ce ta zo, ashe abu ɗaya ne. Sai gwajin wata uku, HbA1c, shi ne ba a iya yi masa wayo, don wasu in ranar asibiti ta matso sai su yi kwana biyu suna cin ganye zalla don likita ya yaba, to wannan gwajin yana tona asirin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ana so ya zama ƙasa da kashi 7 ga yawancin mutane, amma ga tsoho mai rauni ana sassautawa zuwa wajen 8, saboda a wajensa faɗuwa ta fi illa. Wani abin lura a ƙasarmu, mai sikila ko mai ƙarancin jini ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, gwajin yana iya ba da sakamakon da ba daidai ba, a gaya wa likita tun kafin ya yi hukunci da shi.

Azumi kuma nan ne ake yin ta. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 na Musulmi a azumin 2001 ya nuna kusan kashi 79 na masu nau'i na 2 sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar suga mai tsanani ta ninka sau 7 da rabi a watan. Wato mutane za su yi azumi ko an hana su, don haka abin da ya fi shi ne a je a tsara da likita tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban, ba daren ganin wata ba. Yawanci ana mayar da babban kason magani lokacin buɗa baki, a rage na sahur musamman dangin Daonil da insulin, a jinkirta sahur, a riƙa gwaji da rana, huda yatsa ba ya karya azumi. In mita ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ko jiki ya fara rawa da ruɗewa, a karya ko saura minti ashirin a sha ruwa, marar lafiya yana da rangwame a rama daga baya. Buɗa bakin ma a ji tausayin jiki, kunun gyaɗa mai suga da zoɓo da ƙosai da dabino bakwai da tuwo duk a zama ɗaya, babu ƙwayar da za ta iya da wannan.

Sababbin magunguna ba zan daɗe a kansu ba don kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu. Forxiga da Jardiance suna zubar da suga ne ta fitsari, suna kare zuciya da ƙoda ƙwarai, illarsu yawan fitsari da bushewar jiki a lokacin zafi da ƙaiƙayin gaba, mata sun fi fama amma maza ma suna yi, kuma kunya tana hana mutane faɗa alhali maganinsa mai sauƙi ne. Mai shan su in ya ji amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama ya tafi asibiti ko mita ta nuna suga bai hau ba. Galvus da Januvia ba su cika damun mutum ba. Actos yana tara ruwa, ƙafa ta kumbura, ba a ba mai ciwon zuciya. Su Ozempic kuwa allurar sati-sati ce mai rage cin abinci da ƙiba, tashin zuciya ne farkonta.

Insulin kuma an zalunce shi. Mutane sun ga ana fara wa mutum shi a ƙarshe ya rasu sai suka ɗora masa laifi, alhali an ƙi karɓarsa ne shekara biyar har ido da ƙoda da ƙafa suka tafi sannan aka yarda. Shi wannan ciwon tafiya yake yi, gaɓar da ke yin insulin tana gajiya da shekaru ko mutum yana kiyayewa. A babban binciken da aka yi a Birtaniya mai suna UKPDS, bayan shekara 3 rabin mutane ne kawai magani ɗaya ke riƙe wa suga, bayan shekara 9 sai kusan kwata. Don haka in an ƙara maka magani ko an ce allura, ba lallai sakacinka ba ne. Abin kiyayewa a insulin shi ne faɗuwar suga in an yi allura ba a ci ba, da ɗan ƙarin ƙiba, da canza wurin sokawa don in aka nace wa wuri ɗaya yakan yi ƙullutu maganin ya daina shiga daidai, da tabbatar da lambar sirinji ta dace da ta kwalba, U-100 da U-100. Ajiya ma aiki ce a garin da zafi ke wuce 40 a watan Afrilu kuma wuta sai an ga dama. Wanda ba a buɗe ba a firji amma kada ya daskare, wanda ake amfani da shi yana kai wajen wata ɗaya in ba a bar shi a zafi ba, masu dabara suna sa shi a roba mai murfi su ajiye a cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

Abinci kuwa na gaji da jin cewa mai suga sai alkama da acca. Su ma sitaci ne, in ka ci malmala uku ta tuwon alkama sugan zai hau kamar ka ci na shinkafa. Yawan shi ne magana, a rage tuwon a ƙara miyar ganye da wake da kifi ko nama, a bar lemon kwalba da Maltina da shayi mai cokali huɗu, a riƙa taka ƙafa ko minti ashirin ne bayan cin abinci. Kuma wanda ke kan Daonil ko insulin ba shi da damar tsallake abinci don wai yana so suga ya sauka.

Mu abin da ya fi yi mana amfani a gida wani littafin makaranta ne mai shafi arba'in. Sitirif, wato ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini a mita, ya yi tsada ba ma iya gwaji kullum, sai muka riƙa yi sau uku ko huɗu a sati a lokuta daban-daban, yau da asuba, jibi bayan abincin rana, wata ran kafin barci, a rubuta lamba da lokaci da abin da aka ci da yadda jiki ya ji. Da muka kai wa likita ya buɗa, nan take ya ga duk ranar da Hajiya ta ce ta tashi da ciwon kai rigarta ta jiƙe da gumi, lambar kafin barci tana wajen 90 ne, wato daga nan sugan yake ƙara faɗuwa tana barci mu kuma muna ta ɗora laifin a kan zafi. Ya cire ƙwayar yamma, irin mai kayar da sugan nan, ya bar mata ta safe, ya ce mu dawo da littafin bayan sati huɗu, kuma mu zo da duk kwalayen da take sha a leda ɗaya har da na ciwon gwiwar da ta ɓoye a ƙarƙashin filo.